Shanun Lakar Dela

Masu bin labarin nan, na ga wasunku sun taso ni gaba wai na tsani Muhammadu Lawal babu gaira babu dalili. Ban tsane shi ba. Mutum ne mai kirki, mai tsafta, ga fara'a. Ku dai gyara zama ku ji abin da ya faru a Gangaren Marke, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda suka shigo yau, ni ce Amna, jikar Hajja Kaka ta Kazaure. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, malamai suka yi ƙaranci, sai aka tattara mu 'yan matan da suka gama firamare, aka ɗan horar da mu, aka watsa mu ƙauyuka. Ni aka jefa ni Gangaren Marke, can bayan Roni, inda duwatsu suka yi wa gari zobe. Baba Kura, yayan mahaifina, wanda ya zame mana uba tun rasuwar babanmu, bai so tafiyar ba. Tsohon bafataken shanu ne, ba ya son doguwar magana. Abin da ya ce kawai shi ne idan aikin ya riƙe ni, shi zai bar ni, idan kuwa aikin ya sake ni, to in tattaro kayana in dawo gida.

Gida kuwa yana nufin auren Muhammadu Lawal. Babu wanda ya ce dole, Allah ya sani. Amma kuɗin fetur sun shigo ƙasa, shi kuma ya samu kwangilar kai siminti makarantu, ya sayi mota fijo fara, sai sunansa ya zama gishirin kowace hira a gidanmu. Duk ranar kasuwa direban lori zai sauke mini saƙon Hajja Kaka: kwalbar humra, ƙullin turaren wuta, da kalma ɗaya da ba ta canzawa, wai yaron nan ya sake zuwa gaisuwa. Shi kuma bai tsaya nan ba. Sai ya riƙa aika gaisuwa gidan rediyo, a karanto sunana duniya na ji, Malama Amna ta Gangaren Marke. Uwa, matar da aka sauke ni a gidanta, har guɗa take yi ta ɗaga rediyon sama don maƙwabta su ji. Ni kuwa ji nake kamar in shige randa.

Makarantarmu ɗaki ɗaya ce, na hedimasta da manyan yara. Ni ajina gindin marke ne, tabarmi uku da allon da aka jingina da dutse. Yaran garin kaɗan ne, yawancin 'yan ajina daga rugar Fulanin da ke bayan dutse suke zuwa, iyayensu sun daɗe da zama har suna noma gero. Hedimasta ya gaya mini tun ranar farko cewa yaran rugar nan su ne aikina. Idan suka watse, zai haɗa sauran da nasa, ni kuma ofishin ilimi ya sallame ni.

Lissafi ya fara ba ni wuya. Na rubuta ɗaya da ɗaya a allo, suka yi ta kallona kamar ina zanen aljanu. Na kawo gyaɗa, kafin in juya an cinye rabin darasin. Na kawo aduwa, ita ma ta bi gyaɗa. Na koma tsakuwa da ƙwallon goruba da murafun kwalba, aka ɗan samu ci gaba, amma hankalinsu ba ya wurin. Tsakuwa biyu da tsakuwa uku, to sai me? Babu wanda ya taɓa kwana da yunwa don ya rasa tsakuwa.

Dela ce ta fitar da ni. 'Yar mitsitsiya ce mai gibi, kitsonta ya sauko gefen kunne da 'yan tsabobi a jiki, kullum hannunta na cikin zani tana ɓoye wani abu. Ranar da na ce ta buɗe, sai ga saniyar laka, da tozonta da ƙahonta na ƙaya, ta bushe ƙam a rana. Na tambayi waye kuma yake da irinta. Duka. Washegari gindin marken nan ya zama garke. Kowa ya jera nasa, na ce saniya uku, biyu sun haihu, sun zama nawa? Kafin in rufe baki an amsa. Yaran da ba su taɓa ɗaga murya ba suka riƙa rige-rigen faɗa, wasu da Hausa, wasu Fulatanci ya kufce musu. Ranar na koma gida ina tafiya kamar ba ƙasa nake takawa ba.

A kwanakin nan ne na lura da mai malafa.

Can saman wani faffaɗan dutse yake zama, sandarsa a kafaɗa, shanu na kiwo a ƙasansa, rigarsa shuɗiya ta saƙi wadda rana ta fara cinye wa launi. Bai taɓa matsowa ba. Amma idan yara suka amsa daidai, ina hango malafar tana ɗan sunkuyawa. Dela ta ce kawunta ne, Haladu, ƙanin mamarta. Na ce mata ni ban tambaye ta ba, ta je ta zauna. Amma daga ranar na fara ɗaura atamfata mai ruwan ganye a ranakun da ba na Juma'a ba, ina shafa humrar Hajja Kaka don zuwa gindin bishiya. Uwa ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ashe yanzu marke ma ya san ƙamshi.

Ina son ku gane yadda wurin yake a ƙarshen damina. Gero ya sunkuyar da kai, duwatsu sun yi gansakuka, da yamma rana takan zuba a kansu ja-ja, shanu su gangaro farare a jere ƙura na binsu a hankali. Nakan zauna ƙofar gidan Uwa da faifan wake a cinya, in manta da tsintar da nake yi. A raina na gina ɗaki a gindin dutsen nan, na yi masa daɓe, na jera kwanukana, har na zaɓi inda zan kafa randa. Mutumin da ko sallama bai taɓa yi mini ba, ni har na san inda zai rataye malafarsa. Haka zuciyar budurwa take, kada ma ku yi mini dariya.

Sai muka zo ɗebewa.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na kira Dela gaba, ta jera shanunta biyar a tabarma. Na sa hannu na kwashe biyu, na ɓoye a bayana.

"Dela, shanunki biyar, biyu sun mutu. Saura nawa?"

Ba ta kalli ukun da suka rage ba. Hannuna take nema da ido.

"Malama, waɗanne ne suka mutu?"

"Kowaɗanne mana. Saura nawa?"

"Waɗanne?"

Na buɗe hannuna don ta gani mu wuce wurin. Ta dubi ɗayar, wadda aka ɗiga wa farar ƙasa a goshi. Ta ce, "Wule ce. Ciki gare ta." Sai hawaye. Ba ta yi kuka mai ƙara ba, ta dai tattara shanunta a zani ta tafi. Sauran yaran rugar suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rungume nasa. Na ɗaga kai sama, dutsen babu kowa.

Ashe kowace saniyar laka tana da uwarta mai rai a garke, da sunanta aka gina ta. Uwa ce ta warware mini da yamma, tana dakan fura tana faɗa. Ta ce mutanen nan ko ƙirga shanunsu ba sa so a yi da baki, sun kawar da kai ne don sun ga wasan yara ne. Yanzu kuwa magana ta zaga ruga cewa malamar birni ta ƙirga dabbobi ta kuma kira musu mutuwa, har da mai ciki. Na ce laka ce fa, Uwa, laka. Ta ce in je in gaya musu haka in ga ko za a ba ni ruwa.

Washegari tabarma biyu babu kowa. Rana ta biyu ma haka. Na zauna da yara 'yan ƙalilan na cikin gari muna ƙirga tsakuwa kamar masu zaman makoki. Hedimasta bai yi faɗa ba, ya dai sanar da ni cewa jami'in ilimi na nan tafe duba yawan yara, kuma shi ba zai iya nuna masa tabarma ya ce ɗalibai ne ba. Labari kuwa ba ya jiran lori. Ranar kasuwa direba ya ce Baba Kura ya ji komai, zai zo ɗaukata kasuwa mai zuwa, kuma Muhammadu Lawal ya ce kada dattijo ya wahala a bayan lori alhali ga mota. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushi, har na rasa wanne ya fi yawa.

Na yafa lufayata na nufi ruga. Asma'u, mahaifiyar Dela, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono a sabuwar ƙwarya, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Kazaure. Duk lokacin da na ɗauko maganar makaranta sai ta sake tambayar ko nonon ya ishe ni. Babu zagi, babu harara, amma gara a ce ta zage ni. Dela kuwa ina hango ƙafafunta a bayan rumbu.

Da na fito sai na tarar da shi a bakin hanya. Ya ce an ce ya raka ni kada karnuka su tsorata ni. Yana gaba, ina baya, tsakaninmu tazarar saniya guda. Muryar da na daɗe ina ƙirƙira masa a raina ashe ba ta kai ta gaskiyar sanyi ba. Amma bakina ba ya iya shiru idan raina a ɓace yake.

"Laka ce fa, Malam Haladu."

"Na sani. Dela ma ta sani."

"To me ya kawo duk wannan?"

"Da suna ta gina ta, Malama."

Na buɗe baki zan mayar, sai muka ji hayaniya a gefen garke. Wani dattijo ne yake jan karsana da igiya, maza na biye da shi suna dariya, mata na leƙe suna yi masa addu'a. Na ce ashe dai ana sayar da su, kuma ba a kuka. Haladu ya ce ba sayarwa ba ce. Dattijon, Daudu, ciwo ya shiga dabbobinsa bara ya bar shi da turke kawai, shi ne aka ba shi aron karsana. Zai riƙe ta ta yi masa haihuwa uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ta dawo gida. Ya ce tsakanin mai bayarwa da mai karɓa kuwa, zumunci ya ƙullu ke nan har 'ya'ya.

Na tsaya cak a hanya. Saniya ta fita daga garke, garke ya ragu, ga shi kowa na murna. Na juyo na kalli Haladu ido cikin ido, na manta da kunya. Shi ne ya fara sunkuyar da kai, malafar ta rufe fuskarsa, amma na riga na ga murmushin.

Ranar Asabar da hantsi na bi yara bakin tafki inda suke ɗiban laka. Na cire takalmina, na naɗe atamfa, na zauna nesa da su kamar ban gan su ba, na fara gina saniya. Jama'a, ban san hannuna bai da fasaha ba sai ranar. Abin da ya fito, ba akuya ba, ba kare ba, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Na ajiye ta, ta faɗi. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama. Suka matso suna ba ni shawara, wai tozon ya koma wuya, wai wannan ko kura ba za ta ci ba.

Na yi tagumi na ce ni dai kun ga halin da nake ciki, ba ni da garke, ba ni da ko ɗaya mai tsayuwa. Ko akwai mai ba ni aro?

Dela tana can gefe, hannunta a cikin zani. Ta daɗe tana kallona da idanun nan nata, sannan ta taso, ta jera shanunta biyar a kan yashi. Ta tsallake Wule, ta ɗauki wata 'yar ƙarama ta ɗora mini a tafin hannu.

"Na gode, Dela. Shanunki biyar, kin ba ni aron ɗaya. Saura nawa a garkenki?"

"Huɗu," ta ce. "Amma za ta dawo."

"In ta dawo fa?"

"Biyar."

Wallahi sai da na kawar da kai na goge ido da gefen lufaya. Kafin azahar bakin tafkin nan ya cika da aro. Mai bakwai ya ba mai biyu uku, aka tambayi nasa saura nawa, na wancan ya zama nawa. Suka koyi ɗebewa da tarawa a zama ɗaya, babu saniyar da ta mutu. Sai dai da na ce to sai mun haɗu a gindin marke, duk suka sunkuyar da kai. Wannan ba a hannunsu yake ba, maganar manya ce.

Litinin babu ɗan ruga ko ɗaya a tabarmi. Talata ma haka. Na ajiye 'yar saniyar Dela a kan akwatina kusa da kwalbar humra, in kalle ta in kalli akwatin. Uwa ta wanke mini kayana ta ninke ba tare da na sa ta ba, tana ta ba ni baki wai mai fijo ba abin gudu ba ne, wasu da addu'a suke nema.

Ranar kasuwa da safe farar motar ta shigo gari, yara na binta a guje. Muhammadu Lawal ya fito cikin shadda ruwan madara, agogo na walƙiya, ya gaishe da Uwa har ƙasa, ya sauke mata buhun shinkafa. Ni ma ya gaishe ni da ladabi, ya ce in yi haƙuri, aikin ƙauye dama haka yake. Babu abin da zan kama in ce ya yi laifi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Baba Kura ya zauna a kujerar da aka fito masa da ita, ya amsa gaisuwata, ya ce a fito da akwati.

An fito da shi ke nan sai Uwa ta dafa kafaɗata ta nuna mini hanyar dutse. Yara ne a jere suna gangarowa, kowa da ƙullin shanunsa a zani, Dela a gaba. A bayansu Haladu, ya sa sabuwar riga fara, yana jan karsana baƙa mai farin goshi. Yaran suka wuce kai tsaye gindin marke suka zauna a tabarmi. Shi kuwa ya nufo mu, ya cire malafa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba Kura. Suka yi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ruwa da ciyawa.

"Baba, Malama ta ce a bakin tafki ba ta da garke. 'Yar Wule ce wannan, tawa ce ta kaina. Na kawo mata aro."

Muhammadu Lawal ya yi 'yar dariya ya ce ai ba komai, sai a samu lori a kai ta Kazaure. Baba Kura ya tashi, ya zagaya karsanar, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa bayanta yadda ya saba a kasuwa. Ya san al'adar sarai, rabin rayuwarsa a cikin masu shanu ya yi ta.

"Wannan ko barbara ba a yi mata ba," in ji shi. "Haihuwa uku. Yaro, ka san shekarun da kake nema?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ba a ɗauke ta daga inda aka ba da ita."

"Ciyawar nan ta saba da ita, Baba."

Baba Kura ya juyo gare ni. Ban taɓa iya karanta fuskarsa ba, ranar ma ban iya ba. Ya dubi akwatina a ƙasa, ya dubi gindin marke inda yara suka fara jera shanunsu suna leƙowa.

"Na ce in aikin ya riƙe ki na bar ki. Ga aiki can ya dawo. Wannan kuwa," ya nuna igiyar da haɓa, "ba aiki ba ce. Ke ce malamar lissafi."

Na tuna Hajja Kaka da turarenta, na tuna gaisuwar rediyo, na ga hannun Muhammadu Lawal a kan murfin mota ya buɗe mini. Ina jin tausayinsa, Allah ya sani. Amma hannuna ya riga tunanina, sai na ga na karɓi igiyar. Igiyar kaba ce, da kaushi, da ɗumin tafin wanda ya riƙo ta tun daga ruga. Karsanar ta matso ta shinshina lufayata, ta yi atishawa saboda humra.

Na ji an rufe murfin mota a hankali. Baba Kura ya gyara babbar rigarsa, ya ce wa Uwa ta mayar da akwati ɗaki. Har ya kai bakin motar sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kai mai karsana. Ka gaya wa babban gidanku ina nemansa a Kazaure ranar Juma'a. Ke kuma, Hajja Kaka da bakinki za ki gaya mata. Ni ba zan ɗauki wannan saƙon ba."

Motar ta tashi. Ina tsaye da igiya a hannu, ban san ko yadda ake ɗaure saniya ba, ga Hajja Kaka a gabana wadda ta riga ta tanadi tukuicin lefen da take zaton Muhammadu Lawal ne zai kawo. Sai na ji an ja gefen zanina. Dela ce.

"Malama, muna jira. Yau garken Kawu za mu fara, an ba da aron ɗaya."